Saye, Aro ko Ɗauka a Kyauta: Wace Hanya Ce Ta Fi Dacewa da Matsakaiciyar Ƙungiya a Turai?

Duk ƙungiyar da ke neman sabon ɗan wasa a manyan gasannin Turai hanyoyi uku ne a gabanta. Ko dai ta saye shi daga ƙungiyar da ke riƙe da kwantiraginsa, ko ta karɓo aronsa na kaka guda, ko kuma ta jira kwantiragin ya ƙare ta ɗauke shi ba tare da ta biya tsohuwar ƙungiyarsa ko sisi ba. Mu magoya baya mun saba auna ciniki da farashin da aka sanar ranar da ɗan wasa ya ɗaga riga, shi ya sa muke yaba wa ƙungiyar da ta samu mutum a kyauta, mu kuma zargi wadda ta zuba fam miliyan 40 da almubazzaranci. Masu riƙe da littafin kuɗin ƙungiya tambayoyinsu biyu ne, kuma dukansu sun wuce farashin ranar farko: nawa wannan mutum zai riƙa ci a kowace shekara, kuma me zai rage a hannu ranar da za a rabu da shi? Da waɗannan tambayoyi zan auna hanyoyin uku, kuma ƙungiyar da nake nufi ita ce matsakaiciya irin Brighton ko Atalanta ko Lille, wadda kuskure ɗaya a kasuwa zai iya ɗaure mata hannu na shekaru, saɓanin Real Madrid ko Manchester City da ke da ƙarfin haɗiye asara su ci gaba da harkarsu.

Sai an fahimci yadda ake rubuta kuɗin saye a littafi kafin sauran bayanin ya zauna. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa, akantoci ba sa ɗora dukan kuɗin a kan shekarar da aka yi cinikin. Suna ɗaukar ɗan wasan a matsayin kadara, sai su raba farashinsa daidai wa daida a kan shekarun kwantiraginsa. Wanda aka saya fam miliyan 40 a kan kwantiragin shekara 5, fam miliyan 8 ake rubutawa a kansa kowace shekara, darajarsa a littafi kuma tana raguwa da wannan adadi har ta kai sifili ranar da kwantiragin ya cika. Sayarwa kuwa ba haka take ba, domin ana rubuta ribarta gaba ɗaya a shekarar da aka yi ta, ribar kuma ita ce abin da ya ɗoru a kan ragowar darajar ɗan wasan a littafi. Wannan bambanci tsakanin saye da sayarwa shi ne ginshiƙin kusan duk dabarun da ake gani a kasuwar 'yan wasa.

Bari mu ƙaddara 'yan wasan gaba uku, da alƙaluman misali kawai. Na farko ɗan shekara 23 ne, farashinsa fam miliyan 40, albashinsa fam 60,000 a mako, wato kimanin fam miliyan 3.1 a shekara. Idan aka haɗa da kason farashinsa, yana cin kusan fam miliyan 11.1 a shekara. Na biyu ɗan aro ne daga babbar ƙungiya, ana biyan fam miliyan 5 kuɗin aro, ana kuma ɗaukar nauyin albashinsa na fam 100,000 a mako, jimilla kimanin fam miliyan 10.2. Na uku ɗan shekara 30 ne da kwantiraginsa ya ƙare, ya nemi fam 150,000 a mako, da fam miliyan 9 kuɗin sa hannu, wakilinsa kuma ya karɓi la'adar fam miliyan 3, a kan kwantiragin shekara 3. Wannan ya kama fam miliyan 11.8 a shekara. Ka ga ke nan dukansu kusan kuɗi ɗaya suke ci, har ma na kyautan ya ɗara. Inda suka rabu shi ne bayan shekara 3. Na farko yana da shekara 26, darajarsa a littafi ta sauko fam miliyan 16, ko da an sayar da shi fam miliyan 30, ƙasa da yadda aka saye shi, ƙungiya za ta rubuta ribar fam miliyan 14. Na biyu ya daɗe da komawa gidansu. Na uku ya kai shekara 33, zai tafi kamar yadda ya zo, babu mai biyan komai a kansa.

Abin da ya sa wannan lissafi ya zama na rai da mutuwa shi ne dokokin kashe kuɗi. Dokar da aka hukunta Everton da ita a gasar Firimiya ta hana ƙungiya a lokacin yin asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara 3. A watan Nuwamban 2023 aka zabtare wa Everton maki 10, daga baya aka rage zuwa 6 bayan ta ɗaukaka ƙara, a watan Maris na 2024 kuma Nottingham Forest ta rasa maki 4. Lamarin Forest abin lura ne, domin ta sayar da Brennan Johnson ga Tottenham a kan fam miliyan 47.5, amma sai a ranar 1 ga Satumban 2023, bayan shekarar lissafinta ta rufe a ƙarshen watan Yuni, don haka kuɗin bai cece ta ba. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, tana da tata dokar ga ƙungiyoyin da ke buga gasanninta: albashi da kason farashin 'yan wasa da la'adar wakilai kada su wuce wani kaso na kuɗin shiga, wanda ya fara daga kashi 90 cikin 100 a kakar 2023/24, ya sauko 80, sannan ya tsaya a 70 daga kakar 2025/26. A ƙarƙashin irin wannan doka, fam ɗaya na albashi da fam ɗaya na kason farashi nauyinsu ɗaya ne, sai dai na farko ya tafi ke nan, na biyu kuwa akwai yiwuwar ya dawo.

Wannan shi ne babban alherin saye. Brighton ta ɗauko Moisés Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado a 2021 a kan kuɗin da bai kai fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea shi a 2023 a cinikin da ya kai fam miliyan 115. Borussia Dortmund ta sayi Jude Bellingham daga Birmingham a 2020 a kan kimanin fam miliyan 25, Real Madrid ta biya ta Yuro miliyan 103 bayan shekara 3, ban da ƙarin da aka gindaya. Waɗannan fitattu ne, ba kullum ake samun irinsu ba, shi ya sa labarin Ahmed Musa ya fi su koyarwa a wurina, domin cinikin da bai yi armashi a fili ba ne. Leicester ta saye shi daga CSKA Moscow a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16, yana da shekara 23, ya sa hannu na shekara 4. Bai samu gurbi na dindindin ba, har aka mayar da shi CSKA aro a watan Janairun 2018. A bazarar wannan shekara ya ci Iceland ƙwallo 2 a Gasar Cin Kofin Duniya da aka yi a Rasha, sai Al-Nassr ta Saudiyya ta saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya yi kusa da abin da Leicester ta biya. A lokacin darajarsa a littafi ta ragu zuwa kusan rabi, saboda haka ƙungiyar da ba ta more shi a fili ba ta fita da riba a takarda. Ƙuruciyarsa ce ta sa har a lokacin akwai masu nema.

Haɗarin saye kuma yana nan, kuma yana girma daidai da girman farashi. Barcelona ta sayi Philippe Coutinho daga Liverpool a Janairun 2018 a kan fam miliyan 105, da sharaɗin zai iya kaiwa 142. Da abin bai yi kyau ba, sai ta samu kanta a tarko: duk wanda zai saye shi ƙasa da darajarsa ta littafi zai jawo mata rubuta asara nan take, ga kuma albashin da ƙungiyoyi ƙalilan ne za su iya ɗauka. Ta ba Bayern Munich aronsa, ya ci ta ƙwallo 2 a wasan da Bayern ta doke ta 8 da 2 a 2020, daga ƙarshe Aston Villa ta saye shi Yuro miliyan 20 a 2022. Haka Chelsea ta biya Inter fam miliyan 97.5 a kan Romelu Lukaku a 2021, ya yi kaka ɗaya, aka yi ta ba da aronsa ga Inter da Roma, kafin Napoli ta ɗauke shi a 2024 a kan kusan Yuro miliyan 30. Coutinho yana da shekara 25 lokacin da aka saye shi, Lukaku 28, kuma an saye su ne a ƙololuwar farashinsu, inda babu sauran wurin hawa. Matsakaiciyar ƙungiyar da ta yi irin wannan kuskure, ko da a rubu'in wannan kuɗi ne, za ta shafe kaka biyu ko uku ba ta iya shiga kasuwa da ƙarfi ba.

Chelsea ta yi ƙoƙarin sassauta nauyin saye ta hanyar tsawaita kwantiragi. Enzo Fernández, wanda ta biya Benfica fam miliyan 106.8 a kansa a Janairun 2023, ya sa hannu na shekara 8 da rabi, abin da ya sauko da kasonsa na shekara zuwa kusan fam miliyan 12 da rabi. UEFA ta toshe wannan ƙofa a bazarar 2023, ta ce ba za a raba farashi a kan fiye da shekara 5 ba komai tsawon kwantiragin, ƙungiyoyin Firimiya ma suka amince da haka a watan Disamba. Ya kamata kuma a bambanta abin da ke littafi da tsabar kuɗin da ke fita, domin yawancin ciniki kashi-kashi ake biya cikin shekaru, sai fa idan an biya farashin rabuwa da aka rubuta a kwantiragi, kamar Yuro miliyan 222 da aka ajiye a dunƙule a kan Neymar lokacin da ya bar Barcelona zuwa PSG a 2017. Ƙungiyar da ta tara basussukan ciniki na kakar bara da ta bara waccan tana iya samun littafinta lafiya alhali aljihunta ya bushe.

Aro kala uku ne, kuma kuskure ne a haɗa su a kwando ɗaya. Akwai aro zalla, inda ɗan wasa zai yi kakarsa ya koma. Wannan yana da amfani a wuri ɗaya tak, wato toshe giɓi: mai tsaron raga ya ji rauni a watan Disamba, ko ƙungiya tana fafutukar tsira daga faɗuwa kuma ba ta son ɗaukar nauyin da zai bi ta zuwa ƙaramar gasa. Bayan wannan, Hausawa sun riga sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan ɗan wasan ya haskaka, ka gyara wa wani kadararsa da filinka da kocinka, farashinsa ya tashi, kai kuma ka koma neman wani. Victor Moses ya yi aro a Liverpool da Stoke da West Ham yana ɗan Chelsea, kuma Chelsea ce ta ci moriyarsa lokacin da Antonio Conte ya lashe Firimiya da shi a 2017. Dokoki ma sun ƙuntata wannan hanya: tun 2022 FIFA ta taƙaita tsawon aro zuwa shekara guda, ta kuma rage yawan waɗanda ƙungiya za ta aro ko ta ba da aro tsakanin ƙasa da ƙasa daga 8 zuwa 6 a 2024, ban da matasan da ƙungiyar ta rena da kanta. A Firimiya kuma ɗan aro ba ya buga wasa da ƙungiyar da ta mallake shi.

Kala na biyu shi ne aro da zaɓin saye a kan farashin da aka yanke tun farko, kuma a ganina babu yarjejeniyar da ta fi wannan daɗi ga mai karɓa. Arsenal ta karɓi David Raya daga Brentford a 2023 a kan fam miliyan 3, da zaɓin saye a kan fam miliyan 27, ta gwada shi kaka guda, ya zama mai tsaron ragarta na ɗaya, ta biya a 2024. Bayern kuwa tana da zaɓin sayen Coutinho a kan Yuro miliyan 120, ta duba ta ga bai kai ba, ta mayar da shi ba tare da ta yi asarar komai ba sai kuɗin aro da albashi. Haɗarin duka yana wuyan mai ba da aro, shi ya sa ba a cika samun irin wannan dama ba sai a kan ɗan wasan da ƙungiyarsa ke neman kai da shi. Victor Osimhen ya bi ta wannan hanya tun yana yaro: Wolfsburg ta ba Charleroi ta Beljiyam aronsa a 2018 bayan ya kasa cin ƙwallo a Jamus, Charleroi ta yi amfani da zaɓinta ta saye shi da araha a 2019, a bazarar ta 2019 kuma ta sayar wa Lille shi da riba mai kauri. Amma zaɓi ba ya amfanar wanda bai tanadi kuɗin cika shi ba. Ademola Lookman ya yi aro a Fulham da Leicester yana ɗan RB Leipzig, babu wadda ta riƙe shi, Atalanta ta saye shi a 2022, ya ci mata ƙwallo 3 a wasan ƙarshe na Europa a 2024.

Kala na uku, aro da wajabcin saye, saye ne da aka jinkirta. Ƙungiyoyin Italiya sun ƙware a kansa, kamar yadda Juventus ta karɓi Federico Chiesa daga Fiorentina a 2020 a kan aron shekara 2 na Yuro miliyan 10, da sharaɗin biyan miliyan 40 daga baya. Haka PSG ta ɗauki Kylian Mbappé daga Monaco a 2017, a bazarar da ta sayi Neymar, aka tura cinikin Yuro miliyan 180 zuwa shekara ta gaba. Amfaninsa shi ne sauƙaƙa wa shekarar da ake ciki, illarsa kuma ita ce ƙungiya ta cinye kasafin baɗi tun bana, kuma ko ɗan wasan ya karye a watan Oktoba sai ta biya. Fita daga ciki ma da tsada: Chelsea ta biya Manchester United fam miliyan 5 a 2025 domin ta kuɓuta daga wajabcin sayen Jadon Sancho. Duk ƙungiyar da za ta shiga irin wannan ta auna shi da ma'aunin saye, ta kuma yi ƙoƙarin ɗaura wajabcin a kan sharaɗin da zai kare ta, kamar yawan wasannin da ɗan wasan zai buga ko tsirar ƙungiyar a gasa.

Ɗauka a kyauta ta samo asali ne daga hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a watan Disambar 1995 a shari'ar Jean-Marc Bosman, ɗan wasan Beljiyam da ƙungiyarsa ta Liège ta hana shi tafiya Dunkerque duk da cewa kwantiraginsa ya ƙare. Hukuncin ya ba wanda kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin ciniki ba, a yanzu kuma wanda ya rage masa wata 6 a kwantiragi yana da ikon ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar wata ƙasa. An yi cinikayya masu albarka ta wannan ƙofa: Andrea Pirlo zuwa Juventus a 2011, Robert Lewandowski zuwa Bayern a 2014, da Paul Pogba wanda Juventus ta ɗauko daga Manchester United a 2012 yana ɗan shekara 19, ta mayar mata da shi a 2016 a kan fam miliyan 89. Sai dai a lura da sunayen ƙungiyoyin da suka ci wannan riba. Ɗan wasa mai kyau da ya zama na kansa kowa na nemansa, kuma kuɗin da ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa ba yakan koma aljihunsa da na wakilinsa. Lokacin da Mbappé ya koma Real Madrid a 2024, rahotanni sun ce kuɗin sa hannunsa kaɗai ya haura Yuro miliyan 100. A irin wannan gwanjo matsakaiciyar ƙungiya ba ta da ta cewa, abin da yakan rage mata shi ne wanda shekaru suka ja ko rauni ya addaba. Juventus ɗin ma ta ɗanɗana ɗaya gefen da Aaron Ramsey, wanda ta ɗauko daga Arsenal a 2019 a kan albashin da aka ruwaito ya kai fam 400,000 a mako, rauni ya hana shi sakat, aka kasa samun mai saye, aka soke kwantiragin a 2022. Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa a lissafin mutum ɗaya: da zarar sabon zuwa ya ninka albashin kyaftin, wakilan sauran 'yan wasa za su yi layi a ofishin shugaba.

Wani abu da ya shafe mu a nan gida shi ne tsarin FIFA ya ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa domin ƙungiyoyin da suka horar da ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23. Idan ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana ya sauya ƙungiya a Turai da farashi, makarantar ƙwallon da ta rene shi tana da haƙƙi a ciki, muddin an yi masa rajista yadda ya kamata. Idan kuwa babban ɗan wasa ya tafi a kyauta, babu kuɗin cinikin da za a cire kason daga ciki.

Idan zaɓin a hannuna yake, mafi yawan kasafin zai tafi ne wajen sayen 'yan ƙasa da shekara 24, a kan albashin da ƙungiyoyi da yawa za su iya ɗauka idan an tashi sayarwa, kuma a farashin da ko an yi asarar rabinsa ƙungiya ba za ta durƙushe ba. Gara a sayi uku a kan fam miliyan 15 kowanne da a zuba 45 a kan mutum ɗaya, domin ɗaya daga cikin ukun idan ya yi fice zai biya kuɗin sauran. Inda ake shakkar lafiyar ɗan wasa ko dacewarsa da gasar, sai a nemi aro da zaɓin saye, ko da kuɗin aron ya ɗan yi tsada, a kuma ajiye kuɗin cika zaɓin tun ranar sa hannu. Na kyauta yana da gurbinsa a wuraren da ƙwarewa ta fi gudu muhimmanci kuma dama ba a sa ran riba, kamar mai tsaron raga ko mai tsaron baya na tsakiya, da sharaɗin kwantiragin kada ya wuce shekara 2 kuma albashin kada ya fasa tsarin da ake biyan sauran. Ƙungiyar da ta hau Firimiya a bana kuma ba ta da tabbacin zama, lissafinta ya ɗan bambanta, domin faɗuwa na iya zabge fiye da rabin kuɗin shigarta. Ita ya fi mata ta cike gurabe biyu ko uku da aro, duk wanda ta saya kuma ta rubuta a kwantiraginsa cewa albashinsa zai ragu idan aka faɗa Championship, gasar da ke ƙasa da Firimiya.